Baba a Kujerar Baya

A bangon falon gidansu Auta akwai hotuna uku a jere, kowanne na ɗa ne sanye da rigar kammala jami'a da hular nan mai kusurwa huɗu. Baba ne ya kafa su da hannunsa, ya auna tsakaninsu da rula. Tsohon hedimasta ne, ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koyar da lissafi, kuma ko bayan ritaya, in zai yi magana a gida sai ya fara gyara murya kamar yana gaban taron ɗalibai da safe. Duk baƙon da ya shigo, kafin a kawo masa ruwa sai an tsayar da shi gaban hotunan.

Auta ce ta huɗu, ita ce kuma ta kawo rikici. A mako guda labari biyu suka iso gidan. Jami'a ta ba ta gurbin karatun harhaɗa magunguna. Makarantar koyon tuƙin jirgin sama da ke bayan gari kuma ta ce ta ci jarrabawar shiga, har ta samu tallafin da zai ɗauke mafi yawan nauyin karatun. Dukansu suna son amsa kafin ƙarshen wata.

Kowa a gidan ya san inda zuciyar Auta take. Tun tana ƙarama, in jirgi ya yi ƙara a sama, ko wanka ake yi mata sai ta fito tsakar gida da kumfa a kai. Da ta girma, ta koma tuƙa jirage a waya, ta sauke su a filayen duniya kala-kala tana kwance a kan katifarta. Abu ɗaya ne dai ba ta taɓa yi ba: shiga jirgi na gaske.

"Tuƙi," in ji Baba ranar da aka zauna maganar a kan abinci. "Ki kira shi da duk sunan da kike so, direba ne. Bambancin kawai, hanyarsa babu ramuka."

"Baba, akwai karatu a ciki. Akwai ilimin yanayi, akwai dokoki, akwai lissafi..."

"Kada ki jawo lissafi cikin wannan magana, bai yi miki komai ba." Ya ajiye cokali. "Ki saurare ni da kyau. Ranar da likita ya duba idonki ya ce ganinki ya ragu, ko zuciyarki ta yi wani bugun da bai gamshe shi ba, sun sauke ki ke nan. Daga nan sai me? Digiri kuwa babu likitan da ya isa ya ƙwace shi."

"Jami'a ba ta gudu, Baba. Ko da furfura ana shiga. Amma tallafin nan na bana ne kawai. Kuma a aikin jirgi, wanda ya riga ka tara awanni a sama shi ne gabanka har ku yi ritaya."

Yaya, babban wanta, wanda ya karanta tarihi kuma yanzu yake sayar da tayil na daɓen ɗaki a shagon wani abokinsa, ya ɗago kai. "Baba, ni dai ga digirina, amma..."

"Kai, ci abincinka."

Sai da Umma ta gama kwashe kwanuka tukuna. Sannan ta tsaya a ƙofar kicin ta ce, "Ni tambayata ɗaya ce. In ya mutu miki a can sama, ina za ki faka ki kira makaniki?"



Kwana biyu ana haka, sai Baba ya yanke shawarar zai je ya ga makarantar da idonsa. Ya ce ya yi shekaru yana karɓar sufetoci, don haka tun daga bakin ƙofa yake gane makarantar bogi. Ya saka kwat ɗin da yake sawa ranar taron iyaye, ya goge takalmi, ya tasa Auta a gaba.

Makarantar ba ta taimaki kanta ba. Wata babbar rumfar kwano ce mai warin mai, da azuzuwa biyu a gefe, da wani benci a ƙarƙashin bishiya. Shugabar wurin, wadda kowa ke kira Kyaftin, mace ce gajera mai furfura a goshi. Ta yi shekaru tana tuƙa manyan jirage kafin ta dawo koyarwa, kuma ba ta da gaggawar magana. Ta bar Baba ya jera tambayoyinsa: ina ɗakin karatu, malamai nawa ne, wa ke sa hannu a takardar shaida, ana yin taron safe? Tana amsawa tana zagayawa da su, har suka shiga wani aji da babu kowa.

Nan Baba ya tsaya cak. A kan allo wani ɗalibi ya bar zanen alwatika da lissafi a ƙarƙashinsa. Baba ya karanta layin farko, ya karanta na biyu, fuskarsa ta yamutse kamar ya taka ƙaya.

"Wa ya yi wannan aika-aika?"

Bai jira amsa ba. Ya ɗauki alli, ya goge rabin aikin da gefen hannun kwat ɗinsa, ya gyara kusurwar, ya ja layi biyu a ƙarƙashin amsa.

Kyaftin ta duba ta gyaɗa kai. "Haka ne, Malam. Wannan layin inda jirgi ya dosa ne, wannan kuma iskar da ke tura shi gefe. Da lissafin yaron za a bi, a gonar wani zai sauka."

"Wato... aiki ake yi da shi? Da gaske?"

"Kullum."

Baba ya tsaya yana kallon allon. Duk tsawon aikinsa, babu shekarar da wani ɗalibi bai ɗaga hannu ya tambaye shi me za a yi da wannan alwatika a rayuwa ba, shi kuma amsarsa ɗaya ce: zai fito a jarrabawa. Can ya farga Auta na kallonsa tana murmushi, sai ya ajiye allin ya karkaɗe hannu.

"Wannan ba ya nufin na yarda."

"Ba laifi," in ji Kyaftin. "Dama duk wanda muka ɗauka, muna ɗan zagayawa da shi sama kafin ya sa hannu, ya ji yadda abin yake. Akwai kujera a baya. Amma iyaye da yawa sun fi son benci, akwai inuwa."

"Wa ya ce miki tsoro nake ji?"

Jirgin bai kai motar haya girma ba. Baba ya ƙwanƙwasa fiffiken da yatsa, ya ji ƙarar, ya ce wannan ai gwangwani ne aka sa wa farfela. Kyaftin ta tambaye shi nauyinsa, ya faɗi wanda yake da shi lokacin da ya auri Umma, ita kuma ba ta yi musu ba, ta dai nuna masa sikeli a bakin rumfa. Daga nan aka cusa shi a baya, gwiwoyinsa na taɓa haɓarsa, aka ɗaure shi da bel, aka ɗora masa abin magana a kunne. Auta ta zauna gaba kusa da Kyaftin, bakinta ya ƙi rufuwa, tana nuna kowane agogo tana faɗin sunansa tun kafin a tambaye ta.

Injin ya ɗauka, jirgin ya ruga a kan titi, ƙasa ta sake su. Baba ya runtse ido. Bai san cewa duk abin da ya furta yana shiga kunnen kowa ba, ya fara da addu'a, ya zarce da wasiyya.

"Auta, ki gaya wa Ummanku ta yafe mini. Ki gaya wa yayanki na yafe masa tarihin da ya karanta."

"Baba, ni ma fa ina cikin jirgin."

Ya yi tunanin wannan na ɗan lokaci. Sannan ya buɗe ido ɗaya don ya ga ko da sauran lokaci.

Garin na shimfiɗe a ƙasa, tituna kamar an ja su da fensir, motoci na rarrafe, tankunan ruwa a kan rufin gidaje sai ka ce maɓallan riga. Baba ya buɗe ɗaya idon. Ya manna goshi da gilashi.

"Makarantata! Kyaftin, ga makarantata can! Ga ofishina mai koren rufi! Ga filin ƙwallo... Kai! Ashe filin nan a karkace yake? Malamin wasanni ya rantse mini ya auna shi. Ya cuce ni, wallahi ya cuce ni!"

A gaba kuwa, Kyaftin ta ce wa Auta ta kama sitiyarin. "Naki ne. Riƙe shi a hankali, kamar kina riƙe da ƙwai."

Auta ta kama. Wannan ne abin da take mafarki tun tana yarinya, sai dai a mafarkin babu zafi. Rana ta take, iskar da ke tasowa daga ƙasa tana cilla jirgin sama tana sake shi. A waya, in jirgi ya faɗa ramin iska, hoto ne kawai ke girgiza. A nan hanjinta ne ke tashi ya bar ta a baya. Ta ƙura wa agogunan ido tana bin allura, gumi na bin wuyanta.

"Ɗago kai ki kalli waje," in ji Kyaftin. "Kalli inda sama ta haɗu da ƙasa. Bar agogon nan."

Ta makara. Burodi da ƙwan da ta ci da safe sun riga sun yanke shawarar dawowa. Kyaftin ta karɓi jirgin da hannu ɗaya, ta miƙa mata leda da ɗayan, ba tare da ko kallonta ba, alamar ta saba.

Baba bai ma san ana yi ba. "Kyaftin, a ɗan ƙara karkatawa hagu, ina son in ga gidanmu. Yauwa! Ƙara! Wannan kusurwar za ta kai talatin? Auta, kina gani? Ga shanyar Ummanku!"

Auta ta amsa daga cikin leda.

Ma'aikacin hasumiyar kula da jirage ya fara magana a rediyo, Baba na ta sharhi a kansa. Kyaftin ta miƙa yatsa ta taɓa wani maɓalli, muryarsa ta ɗauke. Har suka sauka bakinsa na motsi, hannunsa na nuni, babu mai jin sa.

Da aka buɗe ƙofa, Auta ta rarrafa ta zauna a ƙasa ƙarƙashin fiffike, ta sa kai tsakanin gwiwoyi. Baba kuwa ya zagaya jirgin yana shafa shi kamar wanda ya zo taya.

Tun daga ranar gidan ya juye. Washegari a kan abinci Auta ta ce, ba tare da ta kalli kowa ba, ta yi tunani, za ta tafi jami'a.

"Jami'a?" in ji Baba. "Jami'a ai ba ta gudu. Ko da furfura ana shiga."

"Baba, kai ka ce in likita ya duba idona..."

"Idonki garau yake, irin nawa ne. Kuma tallafin nan na bana ne kawai."

"Ai direba ne kawai, Baba."

"Direba? Kin taɓa ganin direban da ke lissafin iska? Ki iya bakinki!"

Yaya ya ƙware da ruwa, sai da aka bubbuga masa baya. Umma ta dubi mijinta, ta dubi 'yarta, ta ce, "Ni dai ban san abin da aka yi muku a can sama ba. Kun tafi kowa da bakinsa, kun dawo kun yi musaya."

Kwanaki suka tafi a haka. Baba ya samo wani tsohon littafin yanayi, ya koma tsayawa a tsakar gida yana kiran gizagizai da sunayensu, maƙwabta na leƙe ta katanga. Auta ta goge wasan jirgin daga wayarta. In jirgi ya wuce, sai ta ƙara murɗa rediyo. Kunya ce ke cin ta, irin wadda ba ta faɗuwa: duk unguwa an san ta da jirgi, kuma ga shi tsoho mai ciwon gwiwa ya fi ta jure shi.

Wata yamma Umma na kan keken ɗinki, ta kira ta ta zura mata zare a allura. Auta ta zura, ta juya za ta tafi.

"Zauna," in ji Umma. "Kin san ba na son jirgin nan. Ko a talabijin na gan shi sai gabana ya faɗi. In kin tafi jami'a, ni ce zan fi kowa barci. Amma gaya mini gaskiya, magungunan kike so, ko ledar kike gudu?"

Auta ta ce, "Umma, a gaban mutane fa. Ban yi minti goma da kamawa ba."

"Amai? Amai ne zai canza miki rayuwa? Da cikinki, tun daga watan farko har ranar da na haife ki, ko warin sabulu na ji sai na yi. Kin ga na fasa?"

"Ai ke ba ki da yadda za ki yi, Umma."

"To, wannan kuma gaskiya ne." Umma ta yi dariya har keken ya tsaya. "Amma ke kina da shi. Ki koma ki sake hawa. In kin sauko kika ce ba kya so, da kaina zan raka ki jami'a, in ɗaukar miki akwati. Kada dai ki zo nan gaba kina miƙa wa mutane maganin tari kina leƙen sama ta taga."

Ba su gaya wa Baba ba, don sun san zai ce sai ya bi. Da sassafe suka je, iska ba ta fara zafi ba. Umma ta zauna a benci, ta juya wa titin jirgin baya, ta ce in an gama a taɓa ta.

Kyaftin ba ta yi mamakin ganin Auta ba. Da suka hau, ta ce, "Ni sai da na cika leda a hawa na farko da na biyu da na uku. Malamina har laƙabi ya sa mini, ba zan gaya miki ba. Jiki yana sabawa. Amma kada ki ɗauka mahaifinki bai da gaskiya a maganarsa ta farko. Na ga ɗalibin da ya fi kowa hannu, ciwon suga ya sauke shi, ya rasa abin kamawa. Na kuma ga wadda ta ce bari ta gama jami'a tukuna, ba ta dawo ba. Ba zan zaɓar miki ba. Kama."

Auta ta kama. Wannan karon ta kalli waje. Iska a kwance take, jirgin na tafiya sumul. Ta ɗan danna hagu, duniya ta karkata, ta dawo da shi, duniya ta daidaita. Cikinta ya yi ƙorafi sau ɗaya, ta ja numfashi, ya haƙura. Ba ta san lokacin da ta fara dariya ba.

Da suka sauka ta je ta taɓa kafaɗar Umma. Umma ta juyo ta kalli fuskarta, ba ta tambaye ta komai ba. Ta dai ce, "Shi ke nan, barcina ya tafi," ta gyara mayafi.

A gida aka ƙulla yarjejeniya. Auta za ta shiga makarantar jirgi yanzu, in ta samu lasisi kuma za ta yi digiri ta karatun nesa, saboda maganar likitan nan ta zauna mata a rai. Baba ya amince nan take, don hankalinsa na wani wuri: ya riga ya je a asirce ya nemi a ɗauke shi ɗalibi. Likitan makarantar ya auna jininsa, ya sa shi karanta haruffan bango, ya ba shi haƙuri. Ya dawo gida yana faɗa, yana cewa haruffan ne ƙanana. Kyaftin ta tausaya masa, ta ba shi ajin lissafi na ranar Asabar. Haka Auta ta tsinci kanta ɗalibar mahaifinta, kuma a duk ajin babu wanda yake tsananta wa kamar ita.

Bayan wasu watanni ranar da za ta tashi ita kaɗai ta zo. Kyaftin ta fita daga jirgin a bakin titi, ta rufe ƙofa, ta buga fiffike da tafin hannu ta ja baya. A benci, Umma ta ba da baya kamar yadda ta saba, Yaya ya ɗaga waya yana ɗauka, Baba ya kasa zama.

"Ta tashi," in ji shi. "Ta miƙe. Yauwa, ta juya, kusurwa mai kyau. Iska na tura ta, ta gyara. Ni na koya mata wannan."

"Kada ka gaya mini komai sai ta sauka," in ji Umma.

Jirgin ya zagayo, ya daidaita da titi, ya sauko a hankali. Tayoyin suka taɓa ƙasa, sai ya yi tsalle ya koma sama. Ya sake taɓawa, ya sake tsalle, ƙarami. A na ukun ya zauna, ya gangara yana rage gudu har ya tsaya.

Baba ya yi tsit, abin da ba a saba ji ba.

"Malam, ka yi shiru," in ji Umma. "Ta sauka?"

"Ta sauka," in ji Baba, yana goge ido da hankici. "Har sau uku ma."

Sai a lokacin Umma ta juyo. Can nesa ƙofar jirgin ta buɗe, Auta ta fito tana ɗaga hannu biyu. Umma ta cire takalmi ta riƙe a hannu, ta nufi wajenta da gudu, mai gadi na bin ta a baya yana cewa Hajiya ba a shiga nan.